Dattijo mai rashin lafiya da hidimar masallaci: me ke riƙe shi, me ke zaunar da shi?

  

Ƴan'uwa masu karatu, a wannan fitowa na jingine darasin Larabci da muka saba, sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Magana ce ta taso a zaman kwamiti a kan dattawan da ke yi wa masallatanmu hidima don Allah, waɗanda yanzu jiki ya fara ba su labari: wannan ciwon sukari, wancan hawan jini, wani gwiwa, wani ido. Wasu na ganin a sallame su cikin mutunci, matasa su karɓa. Ni kuwa na taɓa yin hakan da hannuna, na kuma ga abin da ya haifar, shi ya sa na ga ya fi in yi bayanin a rubuce, kowa ya karanta a natse.

Ladanin masallacinmu ya fi shekara 30 yana kiran salla, bai taɓa karɓar ko dala ba. Ni ma a nan na same shi. Wata asuba cikin hunturu santsi ya kwashe shi a wurin alwala. Allah Ya kiyaye bai karye ba, amma mun tsorata, don dama yana fama da sukari da ciwon gwiwa. Muka yi shawara, muka sayi shadda da rawani, muka tafi gidansa. Na ce masa, "Baba, ka yi naka, Allah Ya saka da alheri. Ka huta haka nan, yara su ɗauka." Har na kawo masa hadisin Abu Musal Ash'ari da Bukhari ya ruwaito, mai nuna cewa bawa in ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana ci gaba da rubuta masa ladan abin da ya saba aikatawa lokacin da yake lafiya. Ya miƙo makulli, ya ce, "Na gode, Liman." Muka fito muna ganin mun kyauta.

Ba a yi mako uku ba ya daina fitowa Asuba. Daga nan Azahar ma sai jefi-jefi. Rannan babban ɗansa ya tare ni bayan La'asar ya ce, "Malam, tsohon nan fa ba ya cin abinci, ba ya hira da kowa, yini yake a ɗaki." Na tashi na je. Bayan gaisuwa na tambaye shi ya gwiwa. Ya ce, "Liman, gwiwa tana nan yadda ka san ta shekara goma. Ai da ita nake zuwa. Makulli kuka karɓa." Wallahi ban sami abin cewa ba.

Na san wani zai ce ai ko ba makulli akwai sallar jam'i, ita ta isa ta fito da mutum. Gaskiya ne, kuma daga baya na gaya masa haka. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya game da ɗan Adam. Tsohon da ya san cewa in bai tashi ba ƙofa ba za ta buɗu ba, yana samun ƙarfin da zai danne ciwo ya tashi. Ranar da ya ji cewa da shi da babu shi duk ɗaya, ciwon nan da yake dannewa sai ya danne shi. Hadisin da na kawo masa ingantacce ne, wurin da na sa shi ne ba daidai ba. Bushara ce ga wanda ciwo ya kayar, ni kuwa na yi amfani da shi na zaunar da mai sauran ƙarfi.

Kuma dattawan nan ba su da yawa da za mu yi wasa da su. A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su kai uku cikin ɗari ba. A hannun wannan ƴar ƙaramar jama'a abubuwa da yawa suke: wanda ya san wankan gawa da yankan likkafani, wanda ya san inda aka rufe wane a maƙabarta, wanda ya san gidan marayun da ba su roƙo, wanda in ya shiga tsakanin miji da mata ake jin kunyarsa. Tsohon doki sai mai sani.

Aikin ake gyarawa

Abin da na fahimta bayan wannan kuskure shi ne, abin da muke kira aiki ɗaya, in ka duba, ayyuka ne da yawa aka ɗaure wuri guda. Ɗauki ladanci. Akwai tashi tun cikin dare, akwai tafiya cikin duhu, akwai buɗe ƙofa da kunna lasifika, akwai shara da shimfiɗa tabarmi, akwai cika butoci, sannan akwai kiran sallar kansa. Ciwon gwiwa ya hana Baba ɗaukar ruwa da tafiyar duhu. Bai taɓa muryarsa ba, bai taɓa saninsa da lokaci ba. Mu kuma sai muka kwashe duka. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Ku dubi yadda aka yi a Madina. Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah Ya yarda da shi, makaho ne, kuma yana cikin ladanan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Bukhari ma ya kawo shi, Bilal ne ke kiran farko da sauran dare, mutane su ci gaba da sahur, sai ɗan Ummu Maktum ya yi kira sannan a kame baki. Ke nan kiran da azumin mutane ya rataya a kansa, wanda ke buƙatar a ga alfijir da ido, shi aka damƙa wa wanda ba ya gani. Yaya aka yi? Mai ruwaya ya ce ba ya kira sai an sanar da shi cewa asuba ta yi. Wani ya ara masa ido, shi ya ba da murya. Masu tarihi sun kuma ambaci cewa sau da dama Annabi kan bar masa Madina in zai fita, ya riƙa ba mutane salla. Ban ga inda aka ce masa ya je ya huta ba.

Fiƙihunmu ma ya bar ƙofa. Tsayuwa a kiran salla mustahabbi ce, mai uzuri yana iya kira a zaune. Yau kuma ba mai hawa hasumiya, makirfo na nan ƙasa. To me zai hana a ajiye masa kujera?

Limanci ya ɗan bambanta, kuma gara a faɗe shi fili. A mashhurin mazhabar Malikiyya, wanda ba ya iya tsayuwa ba ya limancin masu tsayuwa a farilla. Saboda haka limamin da ƙafa ta gaza zai bar wa na'ibi mihirabi, ba jayayya. Amma limanci a wurinmu ai ba raka'o'i kaɗai ba ne. Ɗaurin aure, raɗin suna, karatun Ahalari da Ishmawi da Risala bayan Magariba, sulhu, amsa tambayoyin gado, duk ana yin su a zaune. Makanta kuwa ba ta hana limanci ko kaɗan.

In kuma fitowar ce ta gagara, akwai labarin Itban ɗan Malik, Ba'ansare da ya halarci Badar, limamin mutanensa Banu Salim. Ganinsa ya yi rauni, kuma in aka yi ruwa kwari kan cika tsakaninsa da masallacinsu. Ya roƙi Annabi ya zo gidansa ya yi salla a wani wuri da zai riƙa a matsayin wurin sallarsa. Annabi ya taka da kansa, tare da Abubakar, ya yi raka'a biyu a inda Itban ya nuna. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Darasin da na ɗauka a nan mai sauƙi ne: malamin da ba ya iya zuwa da damina, ɗalibai su ɗauki littattafansu su same shi a zaurensa. Karatu bai san bango ba.

Ginin kansa yana korar tsofaffi

Wannan ɓangare ba ya son dogon bayani, ido yake so. Mu kan tara kuɗi mu ƙawata masallaci, mu shimfiɗa karo mai sheƙi, wanda wasu ke ce wa tayil, har wurin alwala. Ruwa na zuba a kansa ya zama tarko. Matakala uku ko huɗu a bakin ƙofa ba wurin dafawa. Ban-ɗaki na tsugunno, wanda mai ciwon gwiwa in ya sauka sai an ɗago shi. Ƙwan fitilar hanyar alwala ya mutu tun bara. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya kai kuɗin fentin hasumiya: ƙarfen dafawa da mai walda zai haɗa a yini ɗaya, dakali mai ɗan tsayi da za a zauna a yi alwala, daɓe mai kaushi, fitila mai aiki da hasken rana. Karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ce, da yawa in suka kwanta da ita ba su sake komawa yadda suke.

Kujerar salla kuma, tunda tambaya ta yi yawa a kanta. Asalin sauƙin yana cikin hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda basir ya dama, Annabi ya umarce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ƙa'idar ita ce rukunin da mutum ya gaza shi kaɗai ke sauka daga kansa. Wanda ke iya tsayuwa amma ba ya iya sujada, ya yi kabbara da Fatiha a tsaye, in an zo sujada ya zauna ya yi nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Wanda kuma tsayuwa ce ta gagare shi amma yana iya kai goshi ƙasa, ya zauna a ƙasa ya yi sujadarsa, kada ya hau kujera ya bar ta. Roƙona ga masu gyara sahu: kada a tattara kujeru a kai su can baya kusa da takalma. Mutumin da ya yi shekara arba'in a sahun farko, a sama masa wuri a gefen sahun farkon.

Sanin ciwon da kansa

Ni ba likita ba ne, abin da zan faɗa a nan sanannun abubuwa ne da ma'aikatan lafiya ke maimaita mana kullum, amma ya kamata duk wanda ke aiki tare da dattijo ya san su.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura, sukarinsa kan iya faɗuwa ƙasa, musamman in ya yi aiki bai ci abinci ba. Za ka ga gumi, makyarkyata, jiri, magana ta rikice, wani har ya yi faɗa ba dalili. In yana cikin hayyacinsa, a ba shi ruwan sukari ko dabino nan take. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi likita. Na taɓa ganin an kewaye wani dattijo ana ta tofi, ana cewa iska ce, alhali ruwan sukari yake buƙata. Tofi alheri ne, amma a haɗa da abin da Allah Ya sanya sababi. Shi ya sa ya kamata a ce akwai ɗan ƙunshin sukari a akwatin masallaci, kuma mutum biyu ko uku sun san wanda ke da ciwon.

Sai ƙafa. Sukari in ya daɗe yana kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙaya ko ƙasa mai zafi bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambon da ba ya warkewa. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Tawa, simintin harabar masallaci da Azahar yana iya ƙona tafin ƙafa. Irin wannan dattijo kada a ba shi aikin da zai yi yawo ba takalmi a rana, kuma ya saba da tsane tsakanin yatsunsa bayan alwala, yana duba ƙafarsa kullum. Tsofaffi kuma ba su cika jin ƙishirwa da wuri ba ko da jiki na buƙatar ruwa. Aikin rana, kamar haƙar kabari ko tsayuwa a kan masu gini, a bar wa matasa. Shi ya zauna a inuwa ya nuna yadda za a yi.

Hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo, sau da yawa ba ya nuna alama. Awo ne ke nuna shi, kuma in awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko sama, likita ke da magana. Kuskuren da ya fi yawa a cikinmu shi ne mutum ya sha magani wata ɗaya, ya ji garau, ya ajiye. Maganin riƙe ciwon yake, ba ya kore shi. In kuka ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu ɗaya ya saki, ko harshe ya yi nauyi, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, ba a jira a ga yadda zai kwana.

Ido kuwa, malamai nawa suka daina ba da karatu saboda baƙi ya daina fita? Wani tabaran karatu kawai yake buƙata. Wani yana ce ta rufe idon, kuma yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki a asibiti, mutum ya koma yana gani. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne masu yawo gari-gari suna soka tsinke a ido su tura yanar ciki. Idanu da yawa sun mutu ta wannan hanya.

Akwai kuma ciwon da ba a faɗa, kuma a ganina ya fi gwiwa korar dattawa daga masallaci: matsalar fitsari. Namiji in ya manyanta, wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara kan kumbura, fitsari ya riƙa matsa shi akai-akai ko ya riƙa ɗiga. Sukari ma na sa yawan fitsari, haka wasu magungunan hawan jini. Mata tsofaffi su ma suna fama da irin nasu. Mutum mai kunya, wanda ya rayu yana kiyaye tsarki, sai ya yanke wa kansa hukunci a ɓoye cewa bai dace da masallaci ba kuma. Ba zai gaya wa liman ba, ba zai gaya wa ɗansa ba. Sai dai a ga ya janye, a ce tsufa ne.

To ga abin da malamanmu na Malikiyya suka faɗa a babin salasi, wato abin da ke fita ba da ikon mutum ba. In ɗigar tana zuwa a dukkan lokaci, ko mafi yawansa, ko rabinsa, ba ta warware alwala. An so ya sabunta alwalar in ba wahala, amma ba dole ba. In kuwa zuwanta bai kai rabin lokaci ba, to tana warwarewa, sai ya sake. Abin da ya taɓa tufa daga irin wannan, in yana zuwa kullum, an yi rangwame a kansa saboda wuyar kiyayewa, sai dai ya sa ƙyalle ya tare don kada ya ɓata shimfiɗar masallaci. Limancinsa ga masu lafiya makaruhi ne, sallar ba ta ɓaci ba. Wannan duk yana cikin littattafan da muke karantawa, amma sau nawa muke karantar da shi da murya mai ƙarfi, yadda tsohon da ke jin nauyin tambaya zai ji amsarsa ba tare da ya tambaya ba? Ni yanzu nakan kawo babin da gangan duk bayan ƴan watanni. Kuma nakan ƙara da cewa abin yana da magani a asibiti, a je a gwada.

Tafiyar masallacin kanta magani ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawara, har da waɗanda suka haura 65, su sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wanda gidansa ke da tafiyar minti biyar zuwa masallaci, in ya je ya dawo sau uku a yini ya yi minti 30, a mako 210 ke nan. Ko tafiyar ba ta kai saurin da likitoci ke so ba, ta fi zaman ɗaki nesa ba kusa ba. Da muka zaunar da Baba Ladan, wannan ma mun raba shi da ita.

Sai dai akwai ɗaya gefen. Wasu dattawan su ne ke cutar da kansu, musamman da azumi: tafsiri da rana, rabon buɗa baki, asham, tahajjud, ga ciwo. Annabi ya taɓa shiga masallaci ya ga igiya an ɗaura tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Zainab ce, tana riƙewa in ta gaji da salla, ya sa aka kwance ta. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya ɗora wa kansa azumi da karatu mai yawa yana saurayi, da ya tsufa ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da Annabi ya ba shi. Nana A'isha kuma ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Tsohon da azumi ya gagare shi ya sha, ciyarwa a kansa mustahabbi ce a mazhabarmu, mudun Annabi ɗaya a kowane yini. Mai sukari ya ga likita tun cikin Sha'aban. Kuma wanda ba ya azumi saboda uzuri kada kunya ta ɓoye shi a gida wata guda, ai shi ya fi dacewa ya tsaya a kan rabon kunu da ƙosai.

Kuɗin kabu-kabu da kuɗin magani

A Suratut Tauba, aya ta 91, Allah Ya ɗauke laifi daga raunana da marasa lafiya da waɗanda ba su da abin ciyarwa, matuƙar zuciyarsu na tare da Allah da ManzonSa. Aya ta 92 kuma ta ba da labarin wasu da suka zo neman abin hawa don su fita tare da Annabi, ba a samu ba, suka juya suna hawaye. Ina yawan tuna wannan aya. Niyya tana nan, abin hawa ne babu. Dattijon da ke zuwa wankan gawa unguwa-unguwa, ko dattijuwar da ke karantar da mata a wata unguwa, daga aljihunsu suke biyan kabu-kabu, kuma aljihun nan shi ne na maganin wata-wata. In abu biyun suka haɗu, ɗaya zai faɗi, kuma ba za su faɗa maka ba.

A nan sai an kiyaye amana. Kuɗin da aka bayar don gini ko don shimfiɗa ba a karkatar da shi. A buɗe wani asusu daban, a gaya wa jama'a don me ne. In dattijon mabuƙaci ne, zakka ta halatta gare shi saboda buƙatarsa, amma ba a matsayin ladan aikinsa ba. A kuma ba shi a asirce. Wanda ke da babur cikin maƙwabta ya ɗauki nauyin ɗauko shi, wannan ma sadaka ce babba.

Iyali ma suna da hannu. Ƴaƴa kan hana tsoho fita don tausayi, wani lokaci kuma don kada a ce sun bar ubansu yana shara. Ku ji wannan: wata baƙar mace ta kasance tana share masallacin Annabi, a wata ruwayar an ce namiji ne. Ta rasu aka rufe ta ba a sanar da shi ba, kamar an raina al'amarinta. Da ya rasa ta ya tambaya, ya nuna rashin jin daɗin ƙin gaya masa, ya sa aka nuna masa kabarinta ya yi mata salla. Bukhari da Muslim ne, daga Abu Huraira. Sharar masallaci ba abin kunya ba ce ga kowane gida. Abin lura kuma, Annabi ya lura cewa ba ta nan. Mu kuwa sai da ɗan Baba ya zo ya tare ni.

Iyayenmu mata tsofaffi sukan fi shiga wannan mantuwa, don hidimarsu ba a gaban jama'a take ba: wankan gawar mata, girkin sadaka, karantar da amare hukuncin tsarki. Malikiyya sun yarda tsohuwa ta fita zuwa masallaci da wuraren alheri. Mai ciwon baya ba za ta iya juya gawa ba, amma za ta zauna a kan kujera ta ce wa ƴan mata biyu ku fara ta nan, ku rufe can.

Ku ɗalibai, wannan naku ne. Kowane dattijo mai hidima ya kamata a haɗa shi da ɗalibi ɗaya sananne, ba yau wannan gobe wancan ba, wanda zai biya masa, ya riƙe masa fitila, ya ɗauki abin da ke da nauyi. Kada ku ɗauka alfarma kuke yi. Babin jana'iza kuna iya haddace shi a Risala, amma yadda ake riƙe gawa da mutunci, da yadda ake magana da mai takaba, a gefen waɗannan mutane ake koyonsu. Abu ɗaya nake roƙonku: in hannunsa na rawa yana ƙoƙarin buɗe kwaɗo, kada ku fizge makullin. Ku jira, sai in shi ya miƙo.

Ban ce ba ranar da aiki zai gagara ɗungum ba. Aikin ma yana da haƙƙi. Ma'ajin da mantuwa ta fara kama shi, kuɗin jama'a amana ne, dole a sa masa na biyu su riƙa ƙirga tare, a rubuta, in abin ya yi nisa a karɓa. Ladanin da ya fara rikita lokaci, azumin mutane da sallarsu na kansa. Amma ko a nan, da shi za a zauna a yi shawarar, a tambaye shi wanne yake ganin zai iya, wanne zai saki, wa yake so ya koya wa. Mu ba mu tambayi Baba komai ba, da shawararmu a ƙulle muka shiga gidansa.

Abin da muka yi daga baya shi ne muka yanka makulli na biyu, muka mayar masa da nasa. Asuba da Azahar wani ɗalibi ke kira, saboda duhu da rana. La'asar da Magariba da Isha'i na Baba ne, a kan kujerarsa, kuma yaron ke biya masa su taho tare. An sa ƙarfen dafawa a wurin alwala, an fasa karon nan an yi daɓe mai kaushi. Gwiwa tana nan, sukari yana nan, wani makon ma ba ya fitowa kwana biyu. Jiya da na shigo na tarar yana yi wa yaron faɗa, wai yana jan madda fiye da kima a kiran Asuba, tun daga gida yake jin sa.

Masallatan da ke cikin ƙungiya, kowane kwamiti ya zo zama mai zuwa da sunayen dattawansa masu hidima, maza da mata, da abin da kowannensu ya faɗa da bakinsa cewa shi ke ba shi wahala.